Golan da Ya Ari Muryata

Can shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ba su fara kuka kamar tsohuwar ƙofar langa-langa ba, na taɓa zama ɗan ƙwallon da ake biya albashi. Kada ku yi saurin girmama ni. Gola ne ni, kuma gola na biyu, wato babban aikina ɗumama benci da miƙa wa mutane ruwa. Kulob ɗin ƙarami ne, a ƙaramin rukuni yake buga gasa. Wani attajiri ne ya kafa shi don sha'awa, ya kama mana gida a Tiga muka mayar da shi sansani.

Musun da na ga kuna ta yi a nan ne ya tuno min da wannan zamanin, kan manyan 'yan wasan waje masu rigima, wai wanne ya fi daɗin zama a cikin ƙungiya. Ni ban taɓa zama da su ba, don haka ba zan raba muku gardama ba. Amma na taɓa zama ɗaki ɗaya da mutum biyu da duk yankinmu ake surutu a kansu, kuma har yau in na tuna ɗaya daga cikinsu sai tsigar jikina ta tashi.

Na farko ɗan gabanmu ne, mai saka riga lamba tara, kuma da lambar muke kiransa. Shi ba sai an yi masa ƙage ba. Ya taɓa bin alƙalin wasa a guje har cikin gonar rake. In ya ci ƙwallo sai ya nufi wajen waɗanda suka zage shi ya kafa hannu a kunne. A ɗaki ma haka yake. Sabuluna nasa ne, man shafawata nasa ne, in na sayo gyaɗa sai dai in tarar da ɓawo. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Sarkin Benci, har sunan ya bi ni. Tsoronsa nake ji ƙwarai, ko ruwa zan ce ya miƙo min sai na fara gyara murya.

Na biyu shi ne golan da aka kawo mana a tsakiyar kakar wasa, bayan golanmu na ɗaya ya karye a hannu. Ni har na wanke safar hannuna, na ɗauka lokacina ya yi, sai kawai aka sauke shi daga mota da jakarsa. Surutun da ake yi a kansa daban ne. Bai taɓa faɗa da kowa ba, bai taɓa karɓar kati ba, kuma ya iya tsare raga, amma ba ya daɗewa a kulob. Ko'ina ya je sai a sallame shi yana tsakiyar tashe. In ka tambayi waɗanda suka zauna da shi sai su ce, "Ai mutumin kirki ne," su sako wata maganar. Masu kallo suka cike gurbin da kansu. Wasu su ce laya yake binnewa a raga, wasu su ce sayar da wasa yake yi. Babu wanda ya taɓa kama shi da ko ɗaya.

Aka haɗa mu uku a ɗaki ɗaya, saboda babu wanda ya yarda ya zauna da Lamba Tara, ni kuma ba a tambayar ra'ayina.

Ban taɓa ganin mutum mai sauƙin kai kamar sabon golan nan ba. Katifar da ke kusa da taga aka ba shi, ya ce in ɗauka, shi zafi ba ya damunsa. In na tashi sai in ga ya ɗebo min ruwan wanka. Takalmina da nasa tare yake gogewa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya zauna a kaina yana jiƙa tsumma, yayin da Lamba Tara yake mitar wai nishina yana hana shi barcin rana. Fuskarsa kuwa irin wadda kana juya baya za ka manta kamanninta ce. Ya fi ni tsayi, ya fi ni haske, ba mu yi kama ko kaɗan ba. Ku riƙe wannan.

Yana da yawan tambaya, a hankali, kamar mai lallashi. "Ɗan'uwa, a ina aka haife ka? Me innarka take kiranka? Me ya sami kafaɗarka ta hagu take karkata haka?" Ni kuma da ban saba a damu da labarina ba, sai na saki baki. Na gaya masa ni ɗan Bebeji ne, Auta mahaifiyata take ce min, kafaɗar kuma daga bishiyar mangwaro na faɗo ina yaro. Yana sauraro ba ya ƙifta ido. A lokacin daɗi nake ji, na ce a raina yau na samu aboki.

Abin ya fara ne a filin atisaye. Ina da wani ihu da nake yi in zan fito kama ƙwallo a sama, in ce "Bar min!" Muryata takan tsage a ƙarshensa kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba, kuma kowa yana tsokanata da shi. Wata safiya ina zaune a gefe ina ɗaura igiyar takalmi, sai na ji na yi ihun nan daga cikin raga. Haka na ji shi, ni ne na yi, har da tsagewar. Na ɗaga kai na ga sabon gola ya sauko da ƙwallo a ƙirjinsa.

Fili ya kaure da dariya. Kyaftin ɗinmu ya ce, "Kai, ashe ka iya kwaikwayo haka!"

Shi bai yi dariya ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Me na yi?"

Ba a daɗe ba kafaɗarsa ta hagu ta fara karkata. Sai gyaran muryata kafin magana. Sai yadda nake murza kunne in ana yi min faɗa. Akwai wata dattijuwa mai suyar kifi a bakin dam da nake zuwa wajenta da yamma. Ran nan na je, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ba yanzu ka bar nan ba? Cikin naka rami ne?" Na rantse mata ban zo ba. Ta ƙura min ido, ta ce, "To, muryarka dai ta zo, ta ce a sa mata yaji da yawa."

Abin da ya fi damuna, ni kaina na fara canjawa. Na daina ihun nan don kada a ce ni nake kwaikwayonsa, tunda shi ne mai buga wasa, shi jama'a suka sani da shi. Na fara daidaita kafaɗata da gangan. In zan murza kunne sai in tuna, in sauke hannu. Wata rana koci ya sa ni a raga, aka ɗago ƙwallo, na buɗe baki zan yi ihu, sai wani abu ya fito siriri, ba shi da kama da nawa. 'Yan baya ba su ji ni ba, muka yi karo da kyaftin.

Mutum ɗaya ne bai taɓa rikita mu ba, ko ta baya, ko daga nesa. Lamba Tara. Wata rana muna fita ya daka wa sabon gola tsawa: "Kai baƙo, bar tafiya irin ta Sarkin Benci. Guda ɗaya ma ya ishe mu takaici." Sabon gola ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri, yaya." Da muryata ya faɗa.

Sai maganar mahaifiyata. A lokacin yanar ido ta kama ta, ba ta gani sosai, murya take bi. Na samu hutu na tafi Bebeji, na yi sallama a tsakar gida. Ta amsa daga ɗaki ta ce, "Auta, ka dawo kuma? Kifin da ka kawo shekaranjiya ko rabi ba mu ci ba."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce, "Inna, wane kifi?"

"Ka ji shi. Ba kai ka zauna nan bakin ƙofa ba, har kana tambayata labarin faɗowarka daga mangwaro, da waƙar da nake yi maka in kana kuka? Na ce yau Auta yarinta ta motsa."

Ban gaya mata ba. Tsohuwa ce, ban ga amfanin tayar mata da hankali ba. Amma tuwon da ta sa a gabana ko taɓa shi ban yi ba. Ƙanwata da na tambaya ta ce tana makaranta lokacin, ba ta ga kowa ba.

Da na koma Tiga na same shi yana wanke min riga. Na ce, "Ka je gidanmu?"

Ya ce, "Na je. Na ga ka daɗe ba ka leƙa ta ba, na ce bari in kai mata kifi."

"Ka ce mata ni ne?"

"Ban ce ba. Na yi sallama, ta ce Auta ne? Sai na ji nauyin in ce mata a'a." Ya ci gaba da cuɗa rigar. Can ya ɗago ya ce, "Tana sonka ƙwarai. Akwai daɗi a gidanku."

Na kai ƙara wajen koci. Ya saurare ni yana sakace, sannan ya ce, "Mutum ya kai wa mahaifiyarka kifi, shi ne laifin? Kishi kake yi don ya ƙwace maka raga. Je ka yi gudu ka zagaye fili, zai fita daga kanka." Na fito ina jin kunya, don in aka faɗi abin da baki haka yake, babu laifi a ciki. Lamba Tara yana zaune a kan dakali, ya ji komai. Ya miƙo hannu ya zare rawayar leda ta gyaɗa daga aljihuna.

A tsakiyar damina aka sa mu wasa a Riruwai. Wanda bai taɓa zuwa ba, gari ne a cikin duwatsu, ga tsofaffin ramukan haƙar kuza cike da ruwa kore shar, ko motsi ba ya yi. An sa wasan da wuri don mu samu mu ratsa dajin Falgore da sauran rana, saboda a shekarun nan babu mai son duhu ya same shi a hanyar.

Ana ɗumama jiki, ni kuma kamar kullum na zagaya bayan raga neman abin taunawa. Akwai wani mai rake da baro, mutum ƙaƙƙarfa mai manyan hannuwa. Na ce ya yanka min. Bai dube ni ba, idonsa yana kan golanmu. Shi kuma golan yana da wata al'ada, kafin a fara wasa sai ya daki turken raga da diddige, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Yana yin haka sai mai raken ya ajiye wuƙa.

Ya ce, "Tawa ce."

Na ce, "Malam, me?"

"Dariyar. Da dukan turken. Nawa ne." Muryarsa a shimfiɗe take, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta abin da bai fahimta ba. Sai a lokacin ya juyo ya ƙare min kallo, ya dubi kafaɗata, ya dubi ta golan. "Kai ne na biyunsa yanzu?"

Na ce ni ne.

"Ni ma na yi. Ɗakinmu ɗaya. Ya yi jinyata, ya wanke min kaya. Bai taɓa yi min komai ba sai alheri, kada ka ce na ce maka asiri ne, ni ban ga asiri ba." Ya ɗauki wuƙar ya fara feraye rake. "Da aka sallame shi na ɗauka zan koma yadda nake. Matata ta ce kamar an musanya mata miji. In abin dariya ya faru ina sanin abin dariya ne, amma ba ta zuwa."

Na tambaye shi me zan yi. Ya miƙo min raken ya ce, "Ya je gidanku?" Da na ce ya je sai ya kaɗa kai, ya tura baronsa ya bar filin tun ba a busa usur ba.

Mun ci wasan. Lamba Tara ne ya ci ƙwallon, ya kuma samu katin gargaɗi don ya ce wa mai tuta makaho. Golanmu ya tsare raga kamar an gina bango, yana ta ihun "Bar min!" mutanen gari suna maimaitawa suna dariya. Ina benci ina jin muryata tana yawo a filin da ban taka ba.

A hanyar dawowa, muna tsakiyar daji, tayar bas ɗinmu ta fashe. Direba ya gangara gefe, aka sauka. Wasu suka yi la'asar a bakin titi, wasu suka taya canja taya. Ni kuwa raken da awarar da na ɗora a kai suka fara yi min shari'a a ciki. Na ɗauki buta na gangara, na yi nisa sosai don kada Lamba Tara ya samu abin ba'a. Wayata tana cikin jaka a mota, ko da ma tana hannuna babu sabis a wajen.

Ina ƙasan wani kwari na ji an tayar da inji. Na ce ɗumama shi ake yi. Sai na ji ƙarar tana nisa. Na hauro a guje, ƙaya tana yagar ƙafata, na fito titi. Babu mota. Sai tsohuwar tayar da ta yage a gefe, da ɓawon rake, da jiƙaƙƙen wurin da aka yi alwala.

Na yi ihu. Abin da ya fito daga bakina ko tsuntsu bai kora ba.

Ban taɓa jin shiru irin na wajen nan ba. Hadari ya haɗo ta gabas, hasken ya koma rawaya. A ɗaya gefen titin wasu manyan birai suka fito suka zauna a kan dutse, ba sa wasa, ba sa cin komai, ni kawai suke kallo. Babu mota ta gaba, babu ta baya. Tsoron 'yan fashi yana nan, tsoron dare yana nan, amma ba su ne suka fi kama ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne: dokar kulob ɗinmu ce, mota ba ta tashi sai kyaftin ya kira kowa ya amsa. To wa ya amsa nawa? In kuma an amsa, to za a isa Tiga, a ci abinci, a kwanta, gobe a yi atisaye. Wataƙila ranar hutu ma a kai wa Inna kifi. Na tsaya da buta a hannu na rasa wanda zai lura babu ni.

Na fara tafiya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban san iya nisan da na yi ba. Sai na hango wani abu yana tahowa a tsakiyar titi, a guje. Na kusa faɗawa daji. Da ya matso na ga mutum ne ba riga, takalmi a ƙafa ɗaya. Tun daga nesa na ji zagi, ban kuwa taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

"Sarkin Benci! Sakarai! Uban wa ya ce ka je ka haihu a daji?"

Ya iso yana haki, ya kai min duka a ƙeya, sannan ya riƙe hannuna gam kamar za a ƙwace ni. Bayansa bas ɗin tana tahowa da baya a hankali.

Daga baya kyaftin ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya kira sunaye, da ya zo kaina aka amsa daga kujerar baya, "Ina nan," har da gyaran murya. Mota ta tashi. Lamba Tara yana kwance ya rufe fuska da riga. An yi 'yar tafiya sai ya tashi zaune ya ce a tsaya. Direba ya ce ba ya tsayawa a wannan dajin don gigin barcin wani. Lamba Tara ya tsallake kujeru ya shaƙe wuyan rigar direba, har motar ta yi tangal-tangal, ya fasa madubi da gwiwar hannu. Kafin ta gama tsayawa ya dira.

Na tambaye shi yadda ya gane. Ya ce, "Muryar taka ce, amma babu tsoro a cikinta. Kai ko 'ina nan' za ka ce in ina kusa, sai ta yi rawa."

Muka shiga mota. Sabon gola yana kujerar baya, hannuwansa a kan cinya, jakata a gefensa ya riƙe min ita. Koci ya ce, "Me ya sa ka amsa?"

Ya ce, "Na ji an kira, sai na amsa. Ban san ba ni ake kira ba."

Da gaske yake faɗa. Wannan ne ya sa jikin kowa ya yi sanyi.

Lamba Tara ya taka har gabansa. Muka ɗauka dukansa zai yi, kyaftin har ya miƙe. Amma sai ya durƙusa, fuska da fuska, ya ce a hankali, abin da ban taɓa jin ya yi ba, "Yi min magana da muryarka. Ba tasa ba. Taka. Faɗi sunanka da muryar da uwarka ta sani."

Golan ya buɗe baki. Ya gyara murya irin tawa, ya tsaya. Ya sake gwadawa, sai ga 'yar dariyar hancin nan ta mai rake. Ya sake, wata murya ta fito mai kauri da karin harshen wani gari, ba mu san mai ita ba. Sai wata kuma, ta tsoho. Kowacce rabin kalma take yi ta mutu. Daga nan bakinsa ya ci gaba da motsi babu sauti. Hawaye suka zubo masa, fuskarsa kuwa ba ta canja ba ko kaɗan. Ruwan sama ya sauko a kan rufin motar, direba ya ja muka tafi, wani a gaba yana ta maimaita innalillahi.

A Tudun Wada ya ce a sauke shi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ba mu hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna da nasa biyu, leɓensa ya motsa, ban ji komai ba. Ya sauka cikin ruwan, bai ɗauki jakarsa ba. Bai dawo sansani ba, kulob kuma bai neme shi ba.

Shi kuwa Lamba Tara, attajirin ya kore shi a satin, saboda direban ɗan'uwan matarsa ne. A gari aka ce mahaukacin nan ya sake halinsa, ya kusa kifar da mota da mutane. Na je in yi bayani, aka ce in yi shiru in kama raga tunda yanzu babu gola sai ni. Na kama, aka yi ta zura min, kakar wasa ta ƙare, ƙwallona ma ya ƙare. Ihuna ya dawo a hankali, bayan na koma gida na zauna kusa da Inna na wani lokaci. Ban ce ya dawo duka ba.

Har yau ban san me ke damun bawan Allahn nan ba. Wani malami ya ce min shafar aljanu ce, wani ma'aikacin asibiti ya ce akwai ciwon ƙwaƙwalwa mai kama da haka. Ni dai ba na jin haushinsa. In na tuna bakinsa yana motsi babu sauti, tausayi ne yake kama ni, sannan tsoro ya biyo baya.

Abin da zan ce muku kan musunku shi ne, mai kallo abin da ya faru a fili yake gani, abokin wasa kuwa da abin da ya faru a ɗaki da cikin mota yake hukunci. Kada kuma ku ɗauka ina wanke Lamba Tara. Mugun abokin zama ne, ba ya ba da ƙwallo, ba ya ba da haƙuri, in aka ce in sake zama ɗaki ɗaya da shi sai na yi tunani. Ɗayan bai taɓa ɓata min rai da kalma ɗaya ba. Amma ɗaya ya san ni har ya san yadda tsorona yake sauti, ɗayan kuma ya san komai nawa bai san ni wani mutum ne daban ba.

Lamba Tara yana nan, shinkafa yake nomawa a wajen Tiga, yana faɗa da masu raba ruwa. Bara ina cikin mota a Kwanar Dangora, muna jiran fasinja, sai na ji ana zazzaga wa wani kwandasta zagi a bayanmu da muryar Lamba Tara. Na yi murmushi, na leƙa ta taga zan kira shi. Wani dogon mutum ne mai haske, ya fara furfura, ya kafa hannu a kunne yana tunkarar jama'a. Kafin in gama kallonsa motarmu ta tashi.

Na kira Lamba Tara a waya na gaya masa. Ya ce, "Halina ya ɗauka?"

Na ce, "Kaf."

Ya ce, "Allah sarki. Wa zai zauna da shi yanzu?"